Daga Mangalar Taki zuwa Motar Shara: Kafuwar Hukumar REMASAB a Kano

Hukumar kwashe shara da tsaftace muhalli ta Jihar Kano, wadda jama'a suka fi sani da taƙaitaccen sunanta na Turanci, REMASAB, an kafa ta ne da dokar jiha a shekarar 2003, shekarar da Malam Ibrahim Shekarau ya karɓi ragamar mulki, aka kuma ɗora mata nauyin tattara shara da kwashe ta da kula da wuraren zubar da ita, musamman a ƙananan hukumomi takwas da suka haɗu suka zama birnin Kano da kewayensa, wato Birni, Dala, Fagge, Gwale, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. Sai dai wanda ya fara ƙirga tarihinta daga wannan shekara kaɗai ya tsinci zancen daga tsakiya, domin hukumar magajiya ce ga tsare-tsare biyu da suka riga ta: ɗaya na hukuma, wanda ke kallon shara a matsayin ƙazantar da ya wajaba a kawar daga idon jama'a, ɗaya kuma na talakawa, wanda ya fi na farkon tsufa, ya kuma ɗauki shara a matsayin dukiyar da ba ta kai hannun mai bukatarta ba tukuna.

Tsarin talakawa ya ginu ne a kan irin abin da gidan Bahaushe ke fitarwa a wancan zamani, wato toka da kashin tumaki da na awaki da ƙaiƙayi da ɓawon gyaɗa da guntun kara da tsumma, waɗanda dukkansu ƙasa ke iya cinyewa. Abin da bai ruɓewa kuwa ba ya rasa mai so, domin sakaina da tsingaro, wato fasasshiyar ƙwarya da fasasshiyar tukunya, suna da aikinsu a tsakar gida, tsohuwar fartanya kuma tana komawa wurin maƙeri ta dawo wuƙa ko lauje. Idan rani ya yi, manoman ƙauyukan da ke zagaye da ganuwa sukan koro jakuna da sassafe ɗauke da itacen girki, su sayar a birni, sannan su cika mangala, wato buhun nan mai aljihu biyu da ake ratayawa a gadon bayan jaki, da takin da suka kwasa daga juji ko daga turken dabbobi, su koma su zube shi tsibi-tsibi a gona kafin saukar ruwan fari. Masanin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya yi nazarin wannan yanki tun daga shekarun 1960, ya nuna cewa wannan kai-kawo yana cikin dalilan da suka sa ƙasar da ke kusa da Kano ta iya ɗaukar ɗimbin jama'a, ana noma ta kowace damina ba tare da an bar ta saura ba. Birni yana ciyar da gona, gona tana ciyar da birni, kuma babu wata ma'aikata da ta shirya hakan ko ta ware masa kasafi.

Tsarin hukuma ya samo asali ne bayan Turawa sun ci Kano a 1903, lokacin da aikin tsafta ya shiga hannun En'e, wato hukumar gargajiya da aka mayar ginshiƙin mulki a ƙarƙashin sarki, aka kuma ƙarfafa shi da dokar lafiyar jama'a ta 1917. Daga nan ne aka san duba-gari, ma'aikacin da ke shiga gida ya leƙa randa ko akwai tsutsar sauro, ya duba masai da kwata, ya kai ƙarar wanda ya saɓa. Ƙarfin wannan tsari shi ne kusancinsa da jama'a, domin yana tafiya ne ta hannun mai unguwa da ya san kowane gida. Rauninsa kuma shi ne an gina shi a kan tsoron tara, kuma unguwannin da Turawa ke zaune sun fi samun kulawa nesa ba kusa ba. Abin lura a nan shi ne, duba-gari yana hukunta ƙazanta amma bai taɓa raba manomi da juji ba, saboda haka tsare-tsaren biyu suka rayu kafaɗa da kafaɗa.

Bayan ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, aikin ya yi ta sauya hannu. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya sanya kwashe shara cikin ayyukansu, kuma haka tsarin mulkin 1999 ya tanada har yau, amma birnin ya bazu ya ƙetare iyakokin ƙaramar hukuma ɗaya, sai gwamnatin jiha ta riƙa shigowa ta hanyar hukumomin tsara birni. A 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta ƙaddamar da yaƙi da rashin ɗa'a, kuma a Kano ne mataimakinsa Tunde Idiagbon ya buɗe zangon yaƙin na tsaftar muhalli a watan Yulin 1985, wanda ya bar wa ƙasa al'adar tsaftar ƙarshen wata. Zubar da guba daga Italiya a garin Koko a 1988 ya haifar da hukumar kare muhalli ta tarayya, jihohi kuma suka bi sahu. A Kano aka sami KASEPPA, wadda ta haɗa tsara birni da kare muhalli, daga baya aka gwada kamfanin kwashe shara na WASCO, kafin a zo ga REMASAB.

Abin da ya fi sauyin suna muhimmanci shi ne sauyin da ya sami sharar kanta. Jama'a sun ninka, har ƙidayar 2006 ta ba jihar mutum fiye da miliyan tara, leda kuma ta maye gurbin ganye da takarda da kwanon cefane, sannan fiya wata, wato ruwan sha na cikin leda, ya game gari tun daga shekarun 1990. Leda ba ta ruɓewa, saboda haka jujin da a da yake komawa baƙar ƙasa mai laushi cikin watanni ya zama cakuɗe da roba da fasasshiyar kwalba da mataccen batir da allurar asibiti, manomin da ya kai shi gona sai ya wuni yana tsince-tsince, akuyar da ta ci ledar kuma ta yi ta ramewa har a yanka ta a tarar da ita dunƙule a tumbi. Takin zamani ya rage wa na gargajiya kasuwa, gine-gine suka cinye gonakin da jaki ke iya kaiwa ya komo a yini ɗaya, ragowar ledar kuma ta bi magudanan ruwa ta toshe su, har ta isa rafin Jakara. Wannan ne gadon da REMASAB ta tarar ranar da aka kafa ta: shara mai yawa, wadda tsohon mai ɗaukarta kyauta ya fara ja da baya daga gare ta.

Aikin hukumar ya tsaya a kan ƙafa uku, wato masu sharar tituna da ke fita tun asuba, da matattarar shara a unguwanni inda motocin tifa da na lodi ke zuwa su kwashe, da manyan jujai irin na Court Road da Maimalari da na kusa da sansanin alhazai. Irin waɗannan wurare galibi ramuka ne da aka haƙa ƙasar gini ko ta hanya, ba ramin binne shara na zamani ba, wanda ake shimfiɗa wa abin da zai hana ruwan dagwalo tsiyaya zuwa rijiyoyi, ana kuma rufe sharar kowace rana da ƙasa. A ranar tsaftar ƙarshen wata ana taƙaita zirga-zirga da safe, kotun tafi-da-gidanka kuma ta ci tarar masu saɓawa, abin da ke nuna cewa jinin duba-gari bai bar jikin hukumar ba. Babu adalci a raina wannan aiki, domin duk wanda ya ga yadda bakin kasuwa ke komawa idan motoci suka yi mako ba su zo ba ya san darajar leburan da ke tsaye cikin wari da shebur a hannu. Amma tunda kuɗin aikin daga baitulmalin jiha yake fitowa, ƙarfin hukumar yana hawa da sauka ne gwargwadon mai da kayan gyaran da aka sake mata. A 2021 gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta miƙa aikin ga kamfanin Capegate bisa yarjejeniyar haɗin gwiwa, da fatan a mayar da shara abin samun kuɗi, amma aka soke yarjejeniyar a 2022, aikin ya dawo hannun gwamnati, sannan a 2023 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya naɗa Ahmadu Haruna Zago ya shugabanci hukumar.

A duk tsawon wannan lokaci, rage shara na haƙiƙa, wato hana abu kaiwa ga juji tun farko ko tsamo shi bayan ya kai, ya ci gaba da gudana a hannun waɗanda ake kira 'yan jari-bola da 'yan gwangwan. Sunan jari-bola da kansa bayani ne, domin ma'anarsa bola ita ce jari. Matashi yakan fita da buhu a kafaɗa da ƙugiyar ƙarfe a hannu, wani kuma da kura yana bin lungu yana sayen tsohon ƙarfe da fasasshen bokiti daga matan aure, ko ya musanya musu da sabuwar roba. Da yamma sai a haɗu a rumfar dila, inda sikeli ke rataye, a ware ƙarfe daban, alminiyam daban, jan ƙarfe daban domin ya fi tsada, roba kuma a kasa ta bisa launi da tauri, a auna a biya kilo-kilo. Daga nan kaya sukan rabu gida biyu. Wasu a sake amfani da su yadda suke, kamar goran ruwa da ke komawa hannun mai zoɓo da mai kunun aya, ko tsohuwar taya da ke zama takalmi, ko tib ɗinta da ke zama guga; wasu kuma a sake sarrafa su, wato a narkar ko a niƙa domin a ƙera sabon abu, kamar alminiyam da ake zubawa a ƙirar yashi ya fito tukunya, da robar da ake niƙawa a wanke a kai masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai ta dawo buta da silifa. Kasuwar Ƙofar Ruwa ta shahara da tsofaffin ƙarafa da kayan gyara, tireloli kuma suna ɗaukar ƙarfe zuwa kamfanonin narkarwa. Kowane kilo da ya bi wannan hanya nauyi ne da aka sauke wa motar hukuma ba tare da ta biya ko sisi ba.

Sana'ar tana da tabonta, kuma ɓoye shi ba gata ba ne ga masu yin ta. Akwai yara ƙanana da ke tona juji da hannu babu safa babu takalmin kirki, akwai masu ƙona waya domin cire jan ƙarfe suna shaƙar hayaƙin, akwai kuma ɓata-gari da ke fakewa da ita suna cire murfin kwalbati da wayar lantarki, kuma lalata kayan gwamnati yana cikin dalilan da suka sa Gwamna Babagana Zulum ya haramta tsintar ƙarafa a Borno a 2023. Sai dai haramci yana kore mai gaskiya da ɓarawo tare, sharar kuma ta zauna inda take. Birnin Pune na ƙasar Indiya ya bi wata hanyar: masu tsintar shara sun kafa ƙungiya a 1993, a 2008 kuma hukumar birnin ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyarsu ta gama-kai, suka riƙa bi gida-gida da katin shaida suna karɓar shara a ware, masu gida suna biyan su. Babban giɓin da ke cikin tarihin REMASAB shi ne an gina ta a kan kwashewa da zubarwa, alhali mutanen da ke rage abin kwashewar suna tsaye a wajen katangarta, ana kallon su da ido ɗaya.

Garuruwa irin su Jega da Aliero da Maiyama a Jihar Kebbi suna da abin dubawa a wannan tarihi, domin suna da abin da Kano ta yi sakaci da shi har ya yi nisa da ita, wato gona a bakin gari. Aliero cibiyar albasa ce, Jega kuma tsohuwar kasuwa ce da fatake suka daɗe da sani, kuma mafi yawan abin da irin waɗannan kasuwanni ke zubarwa, daga ruɓaɓɓiyar albasa zuwa kashin dabbobin kara, taki ne idan leda ba ta shiga cikinsa ba. Ware ledar a bakin rumfa, tun kafin ta haɗu da sauran shara, aiki ne da sarkin kasuwa da shugabannin 'yan kasuwa za su iya tsayawa a kai da buhu biyu a kowane layi, ɗaya na manomi ɗaya na dila, tun garin bai kai girman da sai tifa da katafila za su iya da jujinsa ba.