Ceto, Baratarwa da Tsarkakewa: Yadda Aƙidar Kirista Ta Shigo Bakin Hausa

Malaman addinin Kirista sun daɗe da rarrabe al'amarin tsira zuwa matakai. Da farko akwai ceto, watau kuɓutar da ɗan Adam daga zunubi da hukuncinsa ta dalilin mutuwa da tashin Almasihu, kamar yadda suka gaskata. Sai baratarwa, wadda ke nufin Allah ya wanke mai laifi a gaban shari'arsa, ya lissafta shi mai adalci. Sa'an nan tsarkakewa, watau gyaruwar hali da zuciya wadda mai bi ke ciki muddin ransa. A kan dangantakar biyun ƙarshe ne Turai ta rabu a ƙarni na 16. Martin Luther, wanda ya fito da hujjojinsa a Jamus cikin 1517, ya tsaya a kan cewa bangaskiya kaɗai ke baratar da mutum, ayyukan kirki kuwa 'ya'ya ne da ke biyowa baya. Majalisar Tiranto ta Katolika ta mayar da martani a 1547, ta ce baratarwa ba ta tsaya ga yafe laifi ba, ta haɗa har da sabunta mutum daga ciki.

Wannan muhawara ta iso ƙasar Hausa bayan an riga an yi mata wani sabon ɗinki a Ingila. Tun daga 1875 ake taruwa shekara-shekara a garin Kezik, inda masu wa'azi ke koyar da cewa bai ishi mutum ya ce an baratar da shi ba, sai ya miƙa kansa ɗungurungum, ya yi nasara a kan zunubi tun a nan duniya. Samarin da suka sha wannan koyarwa su ne suka sauka Lakwaja a 1890 ƙarƙashin ƙungiyar C.M.S., Graham Wilmot Brooke da John Alfred Robinson na kan gaba. Niyyarsu su kai bishara ga Hausawa, har suka sa riga da rawani, suka ce ba su bukatar kariyar gwamnatin Ingila.

Amma kafin su ga ƙofar Kano ko ta Sakkwato, sai suka juya kan 'yan'uwansu. A wannan lokaci aikin mishan na Kwara yana hannun Bishop Samuel Ajayi Crowther, Bayarabe wanda aka 'yanto daga jirgin bayi yana yaro, aka kuma naɗa shi bishop a 1864. Samarin suka ɗauki ma'aunin Kezik suka auna ma'aikatansa baƙar fata, suka ce ba su ga alamar tsarkakewa a rayuwarsu ba. A wani zama da aka yi a Onica cikin watan Agusta na 1890 aka dakatar da wasu daga cikinsu, har da ɗan bishop ɗin, Dandeson Crowther, tsohon yana zaune yana kallo. Babu shakka akwai ma'aikatan da suka yi sakaci, amma wanda ya duba al'amarin da idon basira zai ga cewa aƙidar da aka ce ta ƙasƙantar da kai ce ta zama bulala a hannun baƙi, kuma launin fata ya yi aiki a ciki fiye da yadda suka yarda. Robinson ya rasu a Lakwaja a 1891, Crowther ya rasu a ƙarshen wannan shekara, Brooke ya bi su a 1892. Ikilisiyoyin bakin teku kuwa suka ware da mulkin kansu a 1892 saboda ɓacin rai.

Abin da ya tsira daga wannan yunƙuri shi ne nazarin harshe. An kafa wata ƙungiyar nazarin Hausa don tunawa da Robinson, ita ce ta aiko ɗan'uwansa Charles Henry Robinson, wanda ya iso Kano a 1894 ya kuma wallafa ƙamus daga baya. A 1900 ayarin Bishop Tugwell ya shiga Kano, Sarki Alu ya sallame su ba tare da ɓata lokaci ba. Cikin wannan ayari akwai Walter Miller, wanda Zazzagawa suka sani da Likita Mila. Ya zauna cikin birnin Zariya daga 1905, kafin a mayar da mishan ɗin Wusasa wajen 1929, kuma shi ne ginshiƙin fassarar Littafi Mai Tsarki da aka buga gaba ɗayansa da Hausa a 1932.

A nan ne masu fassara suka gamu da matsalar da ba su gamu da irinta ba a wasu harsuna. Hausa ba fanko ba ce: ƙarnuka na karatun Musulunci sun riga sun cika kalmominta da ma'ana. Idan Bahaushe ya ji kalmar ceto, abin da ke faɗo masa shi ne ranar alƙiyama, lokacin da Annabi zai roƙa wa al'ummarsa. Ceto a wurinsa abu ne da ake fata a gaba, alhali mai wa'azin Kirista yana maganar abin da ya ce an riga an gama. Haka kuma tsarki, wanda a bakin jama'a ya fi karkata ga wanke jiki daga najasa kafin salla. Mai koyar da tsarkakewa sai ya yi ta bayani cewa zuciya yake nufi, ba buta ba. Kalmar alheri ma, wadda aka ɗora wa nauyin baiwar da Allah ke yi ba don cancantar mutum ba, tana da nata kaya, domin a zaman Hausawa alheri yakan jawo ramuwa, kamar yadda ake gani a gudummawar biki.

Kalmar da ta zauna daram ita ce fansa. Mutanen da suka ga bauta da idonsu ba su bukatar a fassara masu ita. Sun san bawan da ke biyan murgu, sun san dangin da ke tara kuɗi su karɓo ɗansu daga hannun wanda ya kama shi. Ba mamaki da mishan ɗin S.U.M., wadda Karl Kumm ya kawo Wase a 1904, ta buɗe gidan renon 'yantattun bayi a Rumasha bayan 'yan shekaru, wa'azin fansa ya sami masu saurare. Baratarwa kuwa, duk da tushenta na Larabci mai nufin kuɓuta daga zargi, ba ta fita daga ɗakin karatu da mumbarin coci ta shiga kasuwa ba.

Akwai wata jama'a da ta zo da nata tanadi. Su ne Isawa, almajiran Malam Ibrahim, wanda ya fifita matsayin Annabi Isa bisa abin da ya fahimta daga karatunsa, aka kashe shi a Kano zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, mabiyansa suka watsu wajen Ningi da ƙasar Zazzau. A 1913 wasu daga zuriyarsu suka nemi Likita Mila, aka kafa masu zama a Gimi, ciwon barci ya yi masu ɓarna, sauran suka koma Wusasa. Daga cikin wannan zuriya ne Farfesa Ishaya Audu ya fito, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975.

Yawancin waɗanda suka gaji waɗannan kalmomi ba Hausawa ba ne. Mishan ɗin S.I.M. da S.U.M. sun mai da Hausa harshen wa'azi da makarantun Baibul a kudancin Zazzau, Filato da Adamawa, har ikilisiyoyin da suka haifa, E.C.W.A. a 1954 da tarayyar TEKAS a 1955, suka riƙe ta. Ma'aikatan da suka kwararo Kaduna daga waɗannan yankuna sun haɗu a cocin HEKAN, suna sujada da Hausa ko da yake kowa da harshen gidansu.

Reshen Danmak na S.U.M., wanda Likita Niels Brønnum ya kafa a Numan cikin 1913, shi ya kawo koyarwar Luther tsantsarta. A ranar 31 ga Oktoba 1999, a birnin Augsburg na Jamus, Katolika da Tarayyar Lutheran ta Duniya suka sa hannu a kan takardar fahimtar juna game da baratarwa, bayan jayayyar fiye da shekara 450. A 2017 wannan tarayya ta zaɓi Akbishop Musa Panti Filibus, na cocin da ya tsiro a Numan, ya zama shugabanta, ya riƙe muƙamin har 2023.