Ƙarfin da ba ya kayar da kowa

Yaran da ake kawo mini yanzu in koya musu kokowa, kowane ƙirji kamar ƙofar gari. Sun ɗaga ƙarfe a Maraɗi, suna auna damtse da igiya. A sa su fili, wani siririn ɗan ƙauye ya sa musu taɗiya, sai ƙasa. Su tashi suna cewa asiri aka yi musu.

Mu a ƙasar Dakoro rijiya ce ta fara horar da mu. Wanda ya shayar da garke wajen kwarin Tarka ya san zurfinta. Ka duƙa, ka kafa ƙafa cikin rairayi, ka ja wasaki da ƙugu, hannu riƙo kawai yake yi. Tsayuwar ɗan kokowa ke nan, mun koye ta ba mu san koyo muke ba. Da kaka kuma ga damman hatsi, ka sunkuto daga ƙasa ka cilla bakin rumbu.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, bai yarda da wannan kaɗai ba. Sai mun dawo daga gona a gajiye yake haɗa kowa da wanda ya fi shi nauyi, a inda rairayi ya fi laushi. Ba kaye, ba saki. Riƙo da turi kawai, har makaɗi ya ajiye ganga. Ƙarfe ba ya ja da baya, ba ya yaudara. Mutum yana yi. Wanda ya tara ƙarfinsa a kwance bisa benci, a kwance zai same shi.

Da aka fara gasar kokowa ta ƙasa, wadda ake cin takobi, a Tawa a 1975, zamanin Seyni Kountché, Kantu na Maraɗi ya ɗauka, shi ya sa filin kokowar Maraɗi ke amsa sunansa. A rediyo labarin ya iso mana, makaɗinmu ya kwana yana kiɗa ba wanda ya sa shi. Kafin nan kokowarmu ta farin wata ce, ƙauye ya je wa ƙauye. Ita ce ta mutu, babur da wayar hannu suka binne ta.

A takobi ba a raba mutane da sikeli. Issaka Issaka na Doso ya ɗauke shi sau 6, kuma ba don ya fi kowa damtse ba.

Ban hana ƙarfe ba. Amma ku masu horar da yara, duk ranar da suka ɗaga shi, ku kai su rairayi su riƙi mutum kafin gumi ya bushe.