Murar tsuntsaye: Tarihin annobar da mu ke yi wa dako da hannun mu

Mai karatu, in ka na cikin masu bin finafinan Amurka, wataƙila ka ga 'Contagion', fim ɗin da darakta Steven Soderbergh ya fitar a 2011, wanda Matt Damon da Kate Winslet su ka fito a ciki. Labarin wata annoba ce da ta game duniya, kuma sai a sin ɗin ƙarshe aka nuna mafarin ta: an ture bishiya, jemage ya tashi ya yar da guntun ayaba a garken aladu, alade ya ci, kuku ya taɓa naman, sannan ya gaisa da wata mata bai wanke hannu ba. Shi ke nan.

Ba shaci-faɗi ba ne zalla. An ɗauko tushen labarin daga cutar Nipah da ta ɓulla a gonakin aladu na Maleshiya a 1998 zuwa 1999, inda mutum sama da 100 su ka mutu, aka kashe aladu fiye da miliyan ɗaya.

Na san abin da za ka ce: "To mu ina ruwan mu? Ba mu kiwon alade." Gaskiyar ka. Amma mu na kiwon kaji, da zabi, da agwagi, kuma mu ma mu na da namu labarin irin wannan, wanda ya faru a nan ƙasar Kano. Sunan sa murar tsuntsaye. Abin da tarihin sa ya nuna shi ne tsuntsun daji na iya kawo cutar bakin ƙofa, amma mu ne ke ɗaukar ta mu shiga da ita gida-gida.

Bari mu fara daga tushe. Ƙwayar cutar, wadda masana ke kira H5N1, an fara gano ta ne a 1996 a jikin dinyar gida a lardin Guwandon na ƙasar Sin. A 1997 ta kama mutum 18 a Hon Kon, shida su ka rasu, hukuma ta sa aka hallaka kajin birnin baki ɗaya, sama da miliyan ɗaya. An ɗauka an gama da ita. Ashe kwantawa ta yi. A ƙarshen 2003 ta sake tashi a ƙasashen gabashin Asiya, sannan a 2005 ta kashe dubban tsuntsayen daji a tafkin Cinghai na ƙasar Sin. Daga nan ta nufo yamma: Rasha, Turkiyya, Romaniya. Saura Afrika.

A watan Janairu na 2006 kaji su ka fara zubewa a gonar Sambawa da ke Jaji, kan hanyar Kaduna zuwa Zariya. Wajen 40,000 su ka mutu. Aka kai samfur cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom da ke Jihar Filato, daga can aka tura Faduwa a ƙasar Italiya. Ranar 8 ga Fabrairu, 2006, aka bayyana sakamako: H5N1 ce. Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a Afrika da aka tabbatar da ita. Kafin a ce me, an tabbatar da ita a gonakin Kano da Filato.

To amma lura da tazarar da ke tsakani, wato daga farkon mutuwar kajin zuwa ranar sanarwa. Kusan wata guda ke nan. Me ya faru a cikin wannan wata? Duk mai kiwo a ƙasar Hausa ya san akwai annobar kaji da ke zuwa da hunturu, wadda likitocin dabbobi ke kira Niyukasil. An saba da ita, shi ya sa mutane da yawa su ka ɗauka ita ce ta dawo. Mai gona kuwa da ya ga kajin sa na faɗuwa, dabarar da ya sani ita ce ya kwashe masu sauran numfashi ya kai kasuwa kafin ya tashi a tutar babu. Kaza ta yi araha a Kano, talaka ya ga banza ta faɗi. Wanda ya saya don miya ya yanka a tsakar gida, wanda ya saya don kiwo ya zuba a akurki tare da nasa.

Gwamnatin Obasanjo, ta bakin Ministan Gona Malam Adamu Bello, ta yi alƙawarin diyyar naira 250 kan kowace kaza da hukuma ta kashe. Kuɗin bai kai farashin kazar da ke ƙwai ba, kuma wadda ta riga ta mutu da kan ta ba ta cikin lissafi. Ka ga kuwa an ba mai gona dalilin yin shiru. Daga baya an ƙara kuɗin, amma kafin nan aikin gama ya gama.

Kafin Fabrairu ya ƙare an tabbatar da cutar a jikin agwagi a Magarya, cikin Jihar Damagaram ta Nijar. Yanzu ɗauko taswira ka duba. Tsakanin birnin Kano da waccan iyaka akwai ƙasar Ɗambatta da Makoɗa da Kazaure da Ɓaɓura, inda gari ke manne da gari, gona na manne da gona, kuma da wuya ka shiga gidan da babu kaza. A irin wannan wuri kaza ba ta da shinge. Ta gidan Malam ta na kiwo da ta gidan Liman. Ranar kasuwar Ɗambatta kuwa, keji ɗaya na iya haɗa kajin ƙauye biyar, wadda ba a saya ba ta koma gida da yamma. Ƙara da kiret ɗin ƙwai da ke yawo daga gona zuwa gona, da tayar mota, da takalmin dillali, da kashin kajin gidan gona da manoma ke saye buhu-buhu don taki. Cutar ba ta buƙatar fiffike. Mu ne motar ta.

Wannan ba ya nufin tsuntsayen daji ba su da hannu. Duk hunturu agwagin daji na tasowa daga Turai da Asiya su sauka a fadamun Haɗeja da Nguru. Binciken da aka buga a mujallar kimiyya ta Nature a 2006 ya nuna ba sau ɗaya cutar ta shigo Nijeriya ba. An ga zuriya uku daban-daban, alamar kowace da hanyar ta. Amma shigowa daban, yaɗuwa daban. Kafin a shawo kan ta a 2008, ta taɓa jihohi 25 da Abuja, an yi asarar kaji fiye da miliyan ɗaya. A farkon 2007 kuma aka tabbatar ita ce ta kashe wata matashiya 'yar shekara 22 a Legas.

Kamar finafinan mu, labarin bai ƙare a na ɗaya ba. A watan Yuli na 2008 an gan ta a Kano da Katsina, kuma wani sabon nau'i ne. Aka yi shiru na shekara shida. A Janairun 2015 ta dawo ta Kano da Legas da wata zuriyar dabam, Kano na cikin inda aka fi jin jiki. A ƙarshen 2016 'yar'uwar ta H5N8 ta bayyana, a 2021 H5N1 ta sake dawowa. A Janairun 2025 ma hukumomin Kano sun ba da labarin wani matashi a Gwale da ya sayo agwagwa a kasuwar Janguza ya haɗa da kajin sa, mafi yawan su su ka mutu. Shekara 19 bayan Jaji, hanyar ba ta sake ba.

Me ya sa ta ke dawowa da sabuwar fuska? A nan ne batun alade ya shigo. Ƙwayar mura na ɗauke da gadon ta a yanki takwas. In iri biyu su ka haɗu a jiki ɗaya, su kan yi musayar yankuna, kamar edita ya yanko sin daga wannan fim ya liƙa a wancan, sai ga sabon abu ya fito. Alade na kamuwa da murar tsuntsu da ta mutum duka, shi ya sa masana ke yi masa kallon tukunyar gauraya. Murar aladu da ta ɓulla a Meziko da Amurka a 2009 haka ta samu: akwai gadon alade, da na tsuntsu, da na mutum a jikin ta, kuma a watan Yuni na shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana ta a matsayin annobar duniya. Ita ma H5N1 ta na laluben sababbin gidaje: a 2024 an same ta a shanun madara a Amurka, da kuma jikin alade a Jihar Oregon.

Zuwa yanzu ba ta iya tsallakawa daga mutum zuwa mutum cikin sauƙi ba. Amma daga 2003 ta kama mutum sama da 900 a duniya, kusan rabi ba su tashi ba. Duk garken da ta shiga, an ƙara mata damar gwada sa'a ke nan.

Ko ba a kai ga rai ba, asarar ta isa. A karkara kaza bankin mace ce. Da ita ake sayen magani, da ita ake biki, da ita ake tara kayan ɗakin 'ya. Mai babbar gona na iya bin diyya har Abuja; matar da ke Koguna mai kaji goma wa zai rubuta sunan ta?

Saboda haka, mai karatu, abin da ke hannun ka ba shi da wuya. In ka sayo kaza ko agwagwa, ware ta mako biyu kafin ka haɗa ta da na gida. In kaji sun fara mutuwa farat ɗaya, tukku ya yi baƙi, kai ya kumbura, kada ka yi saurin ɗauko wuƙa don kar ta yi mushe. Dahuwa sosai na kashe ƙwayar, amma haɗarin na wajen yanka da figa, aikin da mata da yara ke yi. Haƙa rami mai zurfi ka binne, ka wanke hannu da sabulu, ka sanar da jami'in dabbobi na ƙaramar hukuma. In kuma ka ga kaza ta yi arahar da ta wuce hankali, tambayi dalili, domin araha ba ta ado. Allah ya tsare mu da dabbobin mu, amin.