Yadda Harshen Python Ke Kawar da Abubuwan da Aka Gama Amfani da Su

Python harshe ne na rubuta manhajar kwamfuta wanda Guido van Rossum, ɗan ƙasar Holan, ya fitar a shekarar 1991. Duk bayanin da manhaja ke aiki da shi a wannan harshe, suna ne ko lamba ko fayil ɗin da aka buɗe, ana kiransa "abu", kuma kowane abu yana cin wuri a ƙwaƙwalwar kwamfuta. In ba a kwashe waɗanda aka gama da su ba, ƙwaƙwalwar takan cika, aiki ya yi nauyi ko ya tsaya cak.

Python ɗin da aka fi amfani da shi, wato CPython, yana ƙirga wurare nawa ne ke riƙe da kowane abu. Da zarar ƙidayar ta koma sifili, sai a rushe abin, a saki wurinsa. Umarnin del suna kawai yake cirewa, ya rage ɗaya daga ƙidayar. Ba shi ne ke rushewa ba. Idan kuwa abubuwa biyu suna riƙe da juna, ƙidayarsu ba za ta kai sifili ba ko da babu mai bukatarsu. Wannan ne ya sa a shekarar 2000, cikin Python 2.0, aka ƙara mai shara da ke zagayawa lokaci-lokaci yana tsinto irinsu.

Akwai kuma aikin __del__, wanda ke gudana yayin rushe abu. A ganinmu ganganci ne a dogara da shi wajen adana bayanai: babu tabbacin zai gudana idan manhaja ta rufe, kuma kuskuren da ya auku a cikinsa gargaɗi kawai ake nunawa, a wuce.

Nan ne maganar ta shafi ma'aikatan ƙananan hukumomi masu shigar da sunayen manoma ko na masu karɓar taki. Abin da manhaja ta rubuta a fayil yakan ɗan zauna a ƙwaƙwalwa kafin ya sauka. In aka ɗauke wuta a wannan tsakani, sunayen ƙarshe sun tafi, ko da mai aiki ya gan su a allo. Muna ba da shawarar a tambayi wanda ya rubuta manhajar ko ya yi amfani da umarnin with, wanda ya shigo cikin Python 2.5 a shekarar 2006. Shi yana rufe fayil da zarar an gama rubutu, ko da kuskure ya katse aikin. Ɗaukewar wuta dai ta fi ƙarfinsa; don ita ana ƙarawa da os.fsync, mai tilasta bayanan su sauka kan faifai nan take.