Wanda ya ɗaure noti, shi zai fara hawa

Tun da na ajiye kaki, yaran da ke gyaran jirgi yanzu ba su fasa yi mini tambaya guda ba: Baba, me ya sa jiragenmu ke yawan faɗuwa? Kafin in buɗe baki sun ba kansu amsa, wai takunkumin Amurka. Gaskiya ne, daga 1997 zuwa 2017 kayan gyara sun yi wuya, mun sha kwance na wannan jirgi mu ɗaura wa wancan. To amma an ɗage takunkumin a Oktoban 2017, a Satumban 2018 kuma jirgin soja da ya fita atisaye ya faɗi kusa da Omdurman, matuƙa biyu suka rasu. Ba a yi wata guda ba jiragen Antonov biyu suka yi karo a ƙasa, a filin jirgin Khartum.

Mu a sansanin jiragen soja na Wadi Sayyidna hannun wani dattijo muka tashi, Usta kawai muke ce masa. Ya koyi aiki a kan Provost mai farfela ta Ingila, yana nan Jet Provost ta iso a 1962, yana nan kuma jiragen Sin suka zo zamanin Shugaba Numeiri. Dokarsa ɗaya ce, ba ta cikin kowane littafi: jirgin koyo in ya fito daga babban gyara, wanda ya sa hannu shi zai zauna a kujerar ɗalibi a tashin gwaji. Ɗan wani ba zai hau abin da kai kake tsoro ba.

Na ga ranar da wani saurayi ya sa hannu cikin gaggawa don ya sami motar gari. Usta bai yi masa faɗa ba, hular tashi kawai ya miƙa masa. Yaron ya yi tsaye, can ya ce a ba shi izini ya sake buɗe injin. Sai ga bututun mai ba a ɗaure masa wayar kulle ba.

Maganar inji ta tuna mini da habub, wato guguwar ƙura. In ta taso ta rufe Omdurman, washegari ba mai karyawa sai mun jeru kafaɗa da kafaɗa mun tsince titin jirgi, tsakuwa ɗaya ta isa ta cinye inji. Mu tatsi mai a kwalba mu ɗaga wa rana, muna neman ruwa ko yashi. Ɗalibi kuwa da asuba yake tashi, don in rana ta take iska ba ta da nauyi, inji ya rage ƙarfi, jirgi ya ci titi kafin ya ɗaga. Yaran yau sun san wannan duka a kwamfuta, sun fi mu takarda nesa ba kusa ba. Sai dai na sha ganin mai sa hannu bai ko sunkuya ƙarƙashin fiffike ba.

Ranar 25 ga Fabrairu 2025 wani jirgin Antonov ya tashi daga Wadi Sayyidna ya faɗa kan gidaje a yankin Karari na Omdurman, mutum 46 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Ajali gaskiya ne, amma sakaci ba ƙaddara ba ne.

Ya ku masu riƙe da sifana a yau, kada ku sa hannu a kan jirgin da ba za ku yarda ku hau ba.