Minti Ɗaya da Daƙiƙa 36: Gobarar da Ta Mayar da Kowane Sojan Ruwan Amurka Ɗan Kwana-kwana

Idan aka ce ɗan kwana-kwana, abin da ke faɗo wa yawancinmu a rai shi ne jar mota da jiniya a bakin kasuwa. Amma rundunonin soja ma suna da nasu, kuma wutar da suke fuskanta daban take: man jirgin sama ne ke ci, kusa da shi kuma ga bama-bamai a jere. Ɗan kwana-kwanan gari yana tseren kada wuta ta tsallaka shagon maƙwabci. Na soja kuwa tsere yake da agogo, domin kowane bam yana da iyakar zafin da zai jure kafin ya tashi da kansa.

Inda wannan ya fito fili shi ne abin da ya faru da safiyar 29 ga Yulin 1967, a kan USS Forrestal, katafaren jirgin ruwan Amurka mai ɗaukar jiragen yaƙi. Yana mashigin tekun Tonkin a lokacin, ana tsaka da yaƙin Biyetnam. Jirage sun yi cincirindo a samansa, an cika su da mai, an rataya musu bama-bamai, ana shirin tashi. Ana gab da ƙarfe 11, wata tangarɗar lantarki ta sa roka ta kuɓuce daga jikin wani jirgi samfurin F-4, ta tsallaka fili ta fasa tankin man wani jirgin A-4. Mai ya malale, wuta ta kama. Cikin matuƙan da suka tsira da ƙyar akwai John McCain, wanda daga baya ya zama sanata har ya nemi shugabancin Amurka a 2008.

Ayarin kashe gobara na jirgin bai yi nawa ba. Shugabansu, Gerald Farrier, ya suri tukunyar kashe wuta ya nufi bam ɗin da ya faɗo cikin wutar, don ya samar wa matuƙa damar fitowa. Ba ganganci ba ne. A horon da aka ba su, bam na zamani yana jure wuta kamar minti 10 kafin ya fashe. Sai dai bama-baman da aka kawo wa jirgin kwana ɗaya kafin nan ba na zamani ba ne. Saboda ƙarancin makamai an kwaso tsofaffi da suka shekara da shekaru a ajiye, sun yi tsatsa, kuma sinadarin da ke cikinsu ba ya jure zafi. Minti ɗaya da daƙiƙa 36 da tashin wutar, na farko ya tashi. Ya kashe Farrier da kusan duk mutanensa.

Nan ne labarin ya fi ɗaukar hankalina. A cikin ƙasa da minti biyu, jirgin da ke ɗauke da mutum sama da 5,000 ya rasa mafi yawan waɗanda suka san yadda ake kashe irin wannan wuta. Sauran sojoji suka ruga suka kama tiyo, kuma ba wanda zai ce ba su yi jarumta ba. Da hannu suka riƙa mirgina bama-bamai masu zafi suna jefawa teku. Amma da yawansu ba su san kimiyyar abin ba. Wasu na feshin kumfa, wasu na bin baya da ruwan teku suna wanke ta.

Me ya sa wannan kuskure ne? Wuta tana buƙatar abu uku: abin da za ta ci, zafi, da iskar oksijin. Man jirgi bai kai ruwa nauyi ba, don haka in ka zuba masa ruwa sai ya taso sama ya ci gaba da ci, ruwan kuma ya kai shi inda bai kai ba. Duk wadda ta taɓa watsa ruwa a kaskon suya da ya kama da wuta ta san wannan. Kumfa ita ce ke kwanciya a kan man kamar bargo, ta raba shi da iska, ta hana tururinsa tashi. Ka wanke ta, ka buɗe wa wuta hanya. A Forrestal, ruwan ya kwashi mai yana ci ya gangara ta ramukan da bama-bamai suka huda, zuwa ɗakunan ƙasa inda waɗanda suka yi aikin dare ke barci. Sai washegari da asuba aka gama kashe wutar. Mutum 134 suka mutu, 161 suka jikkata, jirage 21 suka salwanta, ba tare da abokan gaba sun harba ko harsashi ɗaya ba.

Ba ita kaɗai ba ce. A 1966 gobara ta kashe mutum 44 a jirgin Oriskany, a 1969 wata ta auku a Enterprise. Mu ma mun ga abin da wuta ke yi in ta kai ga ma'ajiyar makamai, a barikin Ikeja a Janairun 2002, inda sama da mutum 1,000 suka rasu, akasarinsu a magudanar ruwa wajen gudun tsira.

Bayan Forrestal, rundunar ruwan Amurka ta sauya tunani. Ta gane cewa tara ilimin kashe gobara a hannun ƙaramin ayari haɗari ne, tunda su ne kan gaba, su ne kuma wuta za ta fara ci. Sai aka wajabta wa kowane sojan ruwa horon kashe gobara, daga mai dafa abinci har jami'i, ana kuma nuna musu hoton bidiyon wannan rana. Makarantar horon da ke Norfolk tana ɗauke da sunan Farrier. An sanya wa jirage bututun da ke iya lulluɓe samansu da kumfa cikin ɗan lokaci, an kuma koma ƙera makaman da ke jure zafi.

Ita kanta kumfar an sauya ta. Ta da, daga furotin ake yin ta, irin na ƙaho da kofato. Sabuwar, mai suna AFFF, wadda masu binciken rundunar suka samar tare da kamfanin 3M a shekarun 1960, tana shimfiɗa siririn ruwa a kan mai, ta kashe wuta da sauri sosai. Matsalarta sai daga baya ta bayyana: sinadaran PFAS da ke cikinta ba sa ruɓewa, sun gurɓata ruwan ƙarƙashin ƙasa a kewayen sansanoni da dama inda aka shafe shekaru ana atisaye da ita, har ana samun su a jinin 'yan kwana-kwanan kansu. A ƙarshen 2019 majalisar Amurka ta yi dokar daina amfani da ita a sansanonin soja, amma dokar ta keɓe jiragen da ke kan teku.