Turancin da Ya Shigo ta Bariki da Tasha

Turancin farko da ya zauna a bakin Bahaushe ba a aji aka koye shi ba. Lokacin da Baturen da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe makarantar boko a Nasarawa ta Kano a 1909, sojojin Gwamna Lugga sun riga sun yi shekara shida da cin Kano da Sakkwato, kuma yawancin masu ɗauke da bindigogin nan Hausa suke ji. Daga filin fareti aka samo soja da hafsa da kofur da samanja. Kunne ne ya ɗauko su, harshe ya lanƙwasa su yadda zai iya furtawa, babu wanda ya tambayi yadda ake rubuta su.

Bariki kuwa sai da ta yi tafiya mai nisa. Asalinta mazaunin soja ce kawai. Da yake a bayan ganuwa aka kafa ta, inda baƙi da 'yan kwadago da matan da suka bar gida ke taruwa nesa da idon dangi, sai ma'anarta ta faɗaɗa. Yau in aka ce wane ɗan bariki ne, ba kaki ake nufi ba, ana nufin idonsa a buɗe yake, wani lokaci ma fiye da kima.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya biyo baya, sai ga tasha da tikiti da fasinja da lebura. Da motoci suka yawaita, direbobi da makanikai suka ƙaro birki da giya da taya da fetur. Hausa ba ta bar su haka ba, ta yi musu jam'i irin nata: tashoshi, ofisoshi, likitoci, lebura ya zama leburori. Inda aro bai gamsar ba kuwa, sai ta ƙera nata, kamar karen mota.

Kuɗin Turawa ma sun bar sawu: fam da sule da sisi da kwabo. Kwabon nan, wanda ya samo suna daga jan ƙarfen da aka yi shi da shi, shi ne ya hau goshin jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939. Naira ta kori fam da sule a 1973, amma har gobe wanda aljihunsa ya bushe cewa yake yi ba shi da ko sisi.

Iyakar da Ingila da Faransa suka shata ta raba wannan aro gida biyu. Yaron Katsina yana zuwa makarantar boko wurin ticha, ɗan uwansa na Maraɗi kuwa lakwal yake zuwa, malaminsa kuma mushe ne.